Tun Ran Gini, Ran Zane: Kare Gadojin Ƙarfe Daga Tsatsa ta Hanyar Yi Musu Fenti a Masana'anta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa fentin gadar ƙarfe ya fi daɗewa idan an yi shi a cikin masana'antar da aka ƙera sassan gadar, tun kafin a loda su zuwa bakin kogi. Ta bi yadda tsatsa take kama ƙarfe, da yadda ake shirya fuskar ƙarfe kafin fenti, da aikin kowace shimfiɗa cikin shimfiɗu ukun da aka fi amfani da su a yau. Hujjarta ita ce, tsawon ran fenti yana yankuwa ne a 'yan sa'o'in da ke tsakanin kankare ƙarfe da rufe shi, kuma babu inda injiniya yake da iko da waɗannan sa'o'i sai a ƙarƙashin rufin masana'anta.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya tsaya a bakin Binuwai a Makurɗi ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1932, aikin kamfanin Sir William Arrol na birnin Gilasgo yake kallo. Mutumin da kamfanin yake ɗauke da sunansa shi ne ya jagoranci ƙera gadar Forth ta Sikotilan, wadda aka buɗe a 1890. Gadar Forth ta yi suna da fenti, har mutanen Birtaniya suka mayar da fentinta misalin aikin da ba ya ƙarewa, wai kafin masu fenti su kai wancan bakin, wannan bakin ya sake neman su. Daga 2002 zuwa 2011 aka yi mata aiki na gaske. Aka kankare tsohon fenti har aka tarar da tsurar ƙarfe, aka shimfiɗa sabon fenti irin wanda ake yi wa dandamalin haƙar mai a teku, kimanin lita 240,000, a kan kuɗi kusan fam miliyan 130, da sa ran zai kai shekara 25 ko fiye. Aikin ya ci kusan shekara goma saboda a sararin sama aka yi shi, a kan ruwa, cikin iska, jiragen ƙasa suna wucewa, kuma sai an lulluɓe kowane sashe da tanti kafin a taɓa shi.

Mu ma muna da irin wannan gado na ƙarfe: gadar Jebba, da ta Makurɗi, da tsohuwar gadar Anaca da aka gama a 1965, ga kuma gadojin masu tafiya a ƙafa da suke ta ƙaruwa a manyan biranenmu. Rahoton da ƙungiyar NACE, ta masana lalacewar ƙarafa, ta fitar a 2016 ya ƙiyasta asarar da lalacewar ƙarafa take jawo wa duniya a shekara da dala tiriliyan 2.5, wato kashi 3.4 cikin ɗari na abin da duniya take samarwa. Rabon gada a cikin wannan asara ya fi na komai ciwo, domin ba a iya rufe ta a kai ta gareji.

2.0 Yadda tsatsa take cin ƙarfe

Tsatsa tana buƙatar abu uku su haɗu: ƙarfe, da iskar oksijin, da ruwa. Ɗigon ruwa a kan ƙarfe yana zama ɗan ƙaramin batir. Wani gefe na ƙarfen yana narkewa yana sakin lantarki, wani gefen yana karɓa, ruwan kuma shi ne hanyar da ke haɗa su. Idan akwai gishiri a cikin ruwan, hanyar ta ƙara buɗewa, cin ya ƙara sauri. Ba sai an yi ruwan sama ba. Da laimar iska ta haura kashi 60 cikin ɗari, wani siririn danshi da ido ba ya gani yana kwanciya a kan ƙarfe, kuma ya ishe shi.

Ma'aunin ISO 9223 ya raba muhalli gida-gida bisa yawan ƙarfen da yake ci a shekarar farko. A mataki na C2, inda iska take bushe kuma babu gurɓata, asarar ba ta wuce maikiron 25 ba. A C3 tana tsakanin 25 da 50, a C4 tsakanin 50 da 80, a C5 kuwa, inda ake da gishirin teku ko hayaƙin masana'antu, daga 80 zuwa 200. Maikiron dubu ne suke yin milimita ɗaya. Bisa wannan siffantawa, bakin teku irin na Legas da Fatakwal yana can sama, Kano da Katsina suna ƙasa. Sai dai a yi hattara da wannan lissafi, domin gada ɗaya tana ɗauke da muhalli iri-iri. Azarar ƙarfen da rana take bugu tana iya zama a bushe wata takwas, alhali ƙarshenta da ke ƙarƙashin mahaɗar da take yoyo yana jiƙe shekara zagaye. Gindin gadar masu tafiya a ƙafa, inda shara take taruwa kuma ake fitsari, yana iya fin bakin teku muni ko da a tsakiyar Sakkwato yake.

Wani halin tsatsa da ya shafi gada kai tsaye shi ne kumburi. Tsatsa ta ninka ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, saboda haka idan ta samu shiga tsakanin faranti biyu da aka haɗa, tana buɗa su da ƙarfi. Abin da ya faru ke nan a gadar kogin Mianus a jihar Konetikat ta Amurka, ranar 28 ga Yuni, 1983. An toshe magudanan ruwan gadar shekaru kafin nan, ruwa ya riƙa zuba a kan maratayin da ke riƙe da wani sashe, tsatsa ta taru ta tura maratayin har ya zame daga kan turakarsa. Sashen ya faɗa kogi, mutum uku suka rasu.

3.0 Shirya fuskar ƙarfe

A nan zan daɗe, domin a nan aikin yake. Mafi yawan fentin da ya ɓare kafin lokacinsa, ba laifin gwangwanin ba ne, laifin abin da aka shafa shi a kai ne.

Ƙarfe yana fitowa daga injin murza shi da wani ɓawo mai launin shuɗi-baƙi wanda zafin wuta ya haifar. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kariya ce, saboda santsinsa da ƙyallinsa, kyan ɗan maciji ke nan. Wannan ɓawo ba ya miƙewa ya tsuke tare da ƙarfen, don haka yana tsagewa, kuma a duk inda ya tsage shi ne yake zama gefen batir mai karɓa, ƙarfen da ya bayyana ya zama gefen da ke narkewa. Sakamakon shi ne rami mai zurfi a wuri ɗaya. Burushin waya ba ya cire shi, goge shi kawai yake yi ya ƙara masa sheƙi. Abin da ke cire shi shi ne feshin tsakin ƙarfe da ƙarfin iska ko na injin juyi.

Ma'aunin ISO 8501-1, wanda asalinsa ma'aunin ƙasar Suwidin ne, ya ba da matakan tsabta da hotunan kwatance. Sa 1 kankara ce sama-sama, Sa 2 ta fi ta, Sa 2½ ba ta barin komai sai ɗan inuwar tabo, Sa 3 kuwa ƙarfe ne fari tas. Gada ba ta karɓar ƙasa da Sa 2½. Feshin yana da aiki na biyu: yana sassaƙa fuskar ƙarfen ta yi kaushi, tudu da kwari masu zurfin kimanin maikiron 50 zuwa 75, inda fenti zai samu abin kamawa. Idan kaushin ya yi kaɗan fenti ya rasa mariƙi, idan ya yi yawa kawunan tuddan su leƙo ta cikin shimfiɗar farko su fara tsatsa ɗigo-ɗigo.

Kafin feshin ma akwai aiki. Mai da giris sai an wanke su, in ba haka ba feshin ya watsa su ko'ina. Tartsatsin walda sai an fige shi. Kaifin gefen faranti sai an dasashe shi ya yi zagaye na aƙalla milimita 2, saboda ɗanyen fenti yana janyewa daga kaifi, ya bar wurin da siririyar shimfiɗa. Shi ya sa duk tsohuwar gadar da kuka duba, daga gefuna da kan notuna tsatsa take fara ɓullowa. Gishirin da ya maƙale a jikin ƙarfe ido ba ya ganinsa, feshi kuma ba ya kawar da shi duka. Akwai gwajin Bresle, inda ake manna ɗan faci a jikin ƙarfen, a zuba masa tataccen ruwa, a zuƙo, a auna gishirin da ya narke a ciki. Gishirin da aka rufe da fenti yana janyo ruwa ta cikin fentin, ya tayar da bororo.

Daga nan agogo ya fara tafiya. Ƙarfen da aka kankare tsirara yake, kuma yana iya yin ja cikin ƙanƙanin lokaci idan akwai laima. Takardun aiki da yawa suna ba da sa'a huɗu tsakanin feshi da shimfiɗar farko. Suna kuma shar'anta cewa zafin ƙarfen ya ɗara matakin saukar raɓa da aƙalla digiri 3, laimar iska kada ta wuce kashi 85 cikin ɗari. A masana'anta, azara tana fita daga ɗakin feshi ta shiga ɗakin fenti a kan taya, ƙarƙashin rufi ɗaya da haske mai kyau, mai fenti yana tsaye a ƙasa da ƙafafunsa biyu, ana juya masa ƙarfen ya ga kowane lungu. Tsakin ƙarfen ana tace shi a sake amfani da shi sau da yawa, ƙurar kuma injin zuƙa yana kama ta. A bakin kogi kuwa, mutum yana rataye a kan matakala, hannu ɗaya a bututun feshi, hazo yana tasowa daga ruwan da ke ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa da yashin kogi ake feshin, wanda ƙurarsa take haddasa ciwon huhun da ba ya warkewa.

4.0 Shimfiɗu uku da aikin kowace

A da, jan fenti mai dalma da man linsid shi ne sarkin fentin gada, kuma yana yafe wa ƙarfen da ba a tsabtace sosai ba. An bar shi ne saboda guba. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan. Gadar Golden Gate ta San Faransisko, da aka buɗe a 1937, da irin wannan fenti aka rufe ta. Tun daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara cire shi ana maye gurbinsa da fenti mai tutiya, ba a gama ba sai a 1995.

Shimfiɗar farko a yau ita ce mai tutiya, wato zinki, ƙarfen da ake lulluɓe kwanon rufi da shi. ISO 12944 ba ya kiran fenti mai wadatar tutiya sai garin tutiya ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyin busasshiyar shimfiɗar. Hikimarsa ita ce tutiya ta fi ƙarfe saurin narkewa, don haka idan aka karce fentin har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke kewaye ce take ba da kanta, ƙarfen ya tsira, tsatsa kuma ba ta samun damar rarrafawa ta ƙarƙashin fentin. Amma sai tutiyar ta taɓa tsurar ƙarfe wannan zai yiwu, wanda ya sake mayar da mu ga Sa 2½. Nau'in da ake haɗawa da silikat, wanda Victor Nightingall ya ƙirƙiro a Ostareliya, an gwada shi a bututun ruwan Morgan zuwa Whyalla da aka gama a 1944, kuma daɗewar da ya yi a can ce ta sa duniya ta yarda da shi. Yana da tsada wajen kulawa: idan ya yi kauri fiye da kima sai ya tsattsage kamar busasshen tafki, kuma ba ya ƙosawa sai da laima a iska.

Shimfiɗar tsakiya ifoksi ce, mai kauri, aikinta ta zama katanga tsakanin ruwa da tutiyar. Sau da yawa ana zuba mata ɓarɓashin ma'adinin ƙarfe mai faɗi kamar ɓawon kifi, wanda yake kwanciya bisa juna ya tsawaita hanyar da danshi zai bi. Rauninta rana ce, hasken rana yana mayar da fuskarta gari kamar alli. Saboda haka ake rufe ta da shimfiɗar sama ta foliyuretan, mai jure rana da riƙe launi. Tsakanin shimfiɗu ana bin gefuna da layin walda da kan notuna da burushi, a ƙara musu shafi na musamman. Dukkan ukun idan an haɗa, kusan maikiron 300 ne, kaurin takarda uku. Wannan ɗan abu ne yake tsakanin gada da damina, kuma bugun ISO 12944 na baya-bayan nan yana da matakin daɗewa da ya haura shekara 25 kafin babban gyara na farko.

5.0 Yanayinmu

Babu lokacin da filin Allah yake yi wa mai fenti daɗi a ƙasarmu. Da damina laima ta yi yawa, hadari yana iya haɗuwa bayan an kankare rabin azara. Da hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti da tsakanin shimfiɗu, bushewar iska a Arewa kuma tana hana tutiya mai silikat ƙosawa. Sai ta bushe a ido alhali cikinta bai kama ba, idan aka ɗora ifoksi a kai, wata rana su ɓare tare. A masana'anta ana magance wannan da yayyafin ruwa, a kuma goga tsumma mai sinadarin narkarwa a ga ko ta kama kafin a ci gaba. Da bazara, lokacin da zafin iska yake haura digiri 40 a Maiduguri da Sakkwato, ƙarfen da ke rana ya fi haka zafi nesa, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, abin da aka dama a bokiti kuma yana daskarewa da wuri. A nan ne mai fenti yake miƙa hannu ga galan ɗin tina, sinadarin da ake tsinke fenti da shi.

6.0 Ƙorafin masu ja da baya

Akwai injiniyoyi masu ƙwarewa da suke cewa a yi shimfiɗar farko kawai a masana'anta, sauran a bari sai an kafa gada. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Sarƙar injin ɗaga kaya tana karce fenti, tirela tana jijjiga kaya a hanya, ruwan siminti yana zubo wa azara lokacin zuba daɓen gada, facin da aka yi daga baya kuma launinsa yana bambanta.

Ina ganin duk waɗannan matsalolin ɗauka ne da ajiya, kuma suna da magani mai araha: majanyin nailan maimakon sarƙa, katako da roba a ƙarƙashin kowace azara, kunnuwan ɗagawa da aka tanada tun a zane, da haƙurin barin fenti ya ƙosa kafin a loda. Karce ɗaya a kan shimfiɗu uku ana ganinsa da ido a gyara shi. Gishiri da ƙurar da suka kwanta a kan shimfiɗar farko cikin watannin da kaya suka yi a jirgin ruwa da tashar Apapa, babu mai ganinsu, kuma a kansu za a ɗora sauran fentin in ba a yi wanki na gaske ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi haɗari ita ce wadda take tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Inda dole ta sa a raba aikin, a yi ta farko da ta tsakiya a masana'anta, a bar ta sama kaɗai.

Akwai wuraren da ko a masana'anta ba a rufe su duka. Bakin da za a yi wa walda a wurin aiki ana barinsa, a ja da fentin baya hawa-hawa don facin ya samu inda zai hau. Fuskokin da notuna za su matse, waɗanda ƙarfin haɗinsu ya dogara da gogayya, shimfiɗar tutiya kawai ake yi musu, wadda aka gwada aka tabbatar ba ta da santsi. A ƙa'idar Amurka, aji na B yana nufin ma'aunin gogayya 0.50. Ifoksi mai kauri a wannan wuri yana iya sa haɗin ya zame.

Wasu kuma suna cewa a huta da fenti gaba ɗaya, a yi amfani da ƙarfen nan da tsatsarsa take zama masa kariya, irin Cor-Ten. Yana aiki inda ƙarfen yake jiƙewa ya bushe. Gadar Fern Hollow ta birnin Fitsbag da irinsa aka yi ta, ba fenti, ta rushe ranar 28 ga Janairu, 2022, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa magudanan ruwa sun toshe, ƙafafun gadar suka zauna a jiƙe har ƙarfen ya huje. Ƙananan sassa kamar dogaran hannu da matakala, tsoma su cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 ya fi komai, shi ma kuwa aikin masana'anta ne.

7.0 Abin da ya kamata takardar kwangila ta ɗauka

Jimlar da ta ce a yi wa ƙarfe fenti mai inganci ba ta ɗaure kowa. Takarda ta faɗi matakin muhalli, da shekarun da ake nema, da matakin tsabta, da zurfin kaushi, da iyakar gishiri, da kaurin kowace shimfiɗa, kuma dukkan shimfiɗun su fito daga kamfani ɗaya, kowace da launinta daban don a gane inda aka tsallake. Ta kuma ba mai duba aiki na ɓangaren mai gada ikon tsayar da aiki a wurare uku: bayan feshi, bayan shimfiɗar farko, da kafin lodi. Idan a ƙasar waje ake ƙera sassan, kuɗin tura shi can yana cikin kuɗin gadar, domin bayan an rufe ƙarfe babu na'urar da za ta gaya masa ko Sa 2½ aka yi ko burushi aka goga.

Kauri kuwa ana auna shi ɗanye da ɗan matajin ƙarfe, a auna shi busasshe da na'urar maganaɗisu. Akwai kuma lissafin da kowane injiniya zai iya yi a bayan ambulan. Fentin da daskararren abin cikinsa kashi 60 ne cikin ɗari, idan ana son maikiron 75 busasshe, sai an fesa maikiron 125 ɗanye, kuma lita ɗaya ba za ta rufe fiye da murabba'in mita 8 ba, ko da ba a yi asarar ɗigo ɗaya ba. Gadar da fuskar ƙarfenta ta kai murabba'in mita 4,000 tana buƙatar aƙalla lita 500 na wannan shimfiɗa, kafin a ƙara abin da iska take kwashewa da wanda kaushin ƙarfe yake sha. Idan rasit ya nuna lita 300, sauran tina ce ko kuwa ƙarfe ne da bai samu rabonsa ba. Waɗannan alkaluma, tare da zafi da laimar kowace ranar aiki da lambar kowane gwangwani, a miƙa su ga hukumar da za ta riƙe gadar ranar da aka miƙa mata gadar, domin wanda zai zo yin faci bayan shekara 15 ya san abin da yake ƙarƙashin burushinsa.